Tsintsiya Muna da Ita, Ƙanƙarar ce Babu

 Batun da na ɗauko yau ba na kasuwa ba ne, ba kuma na siyasa ba. Magana ce a kan wani wasa da ake kira kaling, wato wasan tura dutse a kan ƙanƙara, da hukumar da ke kula da shi a Najeriya, da kuma abin da ta taɓuka a gasannin duniya tun daga shekarar 2018. Na san wani zai ce, "Malam, muna fama da kuɗin haya da tsadar shinkafa, kai kuma kana zancen ƙanƙara?" To, a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Da sunan ƙasarmu ake zuwa waɗannan gasanni, tutarmu ake ɗagawa, kuma yaran makarantun ƙasar nan ake ɗauka a kai. Duk abin da ya haɗa waɗannan uku, ai muna da ta cewa a cikinsa.

Bari in fara da bayanin wasan, domin da yawanmu ba su taɓa ganinsa ko a talabijin ba. Ana shimfiɗa ƙanƙara a fili mai tsawon kusan mita 45, faɗinsa kuma bai wuce mita 5 ba. A kowane ƙarshe akwai zanen da'ira mai faɗin ƙafa 12, ita ake kira gida. Ƙungiya biyu ke karawa, kowacce da mutum huɗu da duwatsu takwas. Ɗan wasa zai durƙusa ya sulale a kan ƙanƙarar, ya saki dutse mai mariƙi ya tafi can ɗaya ƙarshen, sai abokin hamayya shi ma ya sako nasa, ana yi bi da bi har duwatsu 16 su ƙare. Daga nan sai a duba dutsen wa ya fi kusa da tsakiyar gida. Ƙungiyar da ke da shi ita kaɗai ke cin maki a wannan zagaye, kuma za a ƙirga mata maki ɗaya a kan kowane dutsenta da ya fi dutsen abokan hamayya mafi kyau kusa da tsakiya. A manyan gasanni zagaye goma ake yi. Wanda ya iya dara zai gane kan wasan da wuri, domin akwai tare hanya, akwai kafa tarko, akwai kuma bugun dutsen wani a fitar da shi waje.

Abin da ke ba mutane dariya shi ne shara. Da an saki dutse sai mutum biyu su bi shi suna goge gabansa da wata irin tsintsiya kamar burushi, jagoran ƙungiya yana can yana ƙwalla musu ihu. Ba don tsafta suke yi ba. Kafin wasa ana yayyafa ruwa a kan ƙanƙarar ya daskare ya zama ƙananan ƙuraje, a kansu dutsen ke tafiya. Gogewar tana ɗan ɗumama saman ƙurajen ta rage tirjiya, sai dutsen ya ƙara nisa kuma ya rage lanƙwasa. Shi kansa dutsen ana ɗan murza mariƙinsa lokacin saki, shi ya sa yake tafiya yana karkata har ya iya zagaye wani dutsen ya ɓuya a bayansa. Nauyinsa tsakanin kilo 17 ne zuwa kusan 20, kuma ba kowane dutse ake sassaƙa shi da shi ba. Waɗanda ake wasan Olamfik da su daga wani ɗan tsibiri na Skotland mai suna Ailsa Craig ake haƙo su.

A can Skotland ɗin wasan ya samo asali, sama da shekara 500 da suka wuce, a kan tafkunan da ke daskarewa da hunturu. Akwai wani dutsen wasa da aka tono a yankin Stirling ɗauke da rubutun shekarar 1511. Manoma da masaƙa ne ke yinsa, kowane ƙauye da irin dokarsa da girman dutsensa. Abin da ya fitar da shi daga ƙauye shi ne hukuma. A 1838 aka kafa wata babbar ƙungiya a birnin Edinbara wadda ta tsara dokoki iri ɗaya ga kowa, a 1843 kuma Sarauniya Biktoriya ta ba ta lambar sarauta. Mutanen Skotland da suka yi hijira suka tafi da wasansu Kanada, inda tun 1807 aka buɗe kulob a Montreal. An yi wasan a gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Faransa a 1924, sannan ya dawo da cikakken matsayi a Nagano ta Japan a 1998. Hukumar duniya kuwa a 1966 aka kafa ta, hedkwatarta tana garin Perth na Skotland. Na kawo wannan tarihi ne don mu san da su wa muke karawa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Mu kuma a 2018 hukumar duniya ta karɓi Hukumar Kaling ta Najeriya a matsayin mamba, muka zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga. Kenya ta biyo baya a 2021. Shekarar 2018 ɗin nan ita ce kuma shekarar da Najeriya ta fara halartar Olamfik ta hunturu, a PyeongChang ta Koriya ta Kudu, lokacin da Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga suka yi tseren amalanken ƙanƙara, Simidele Adeagbo kuma ta yi na mutum ɗaya. Wato a lokacin akwai wani irin zumuɗi na cewa mu ma za mu iya shiga wasannin ƙasashen sanyi. A cikin wannan zumuɗi hukumar kaling ta fara fita waje.

To me aka samu? A watan Afrilu na 2019 aka yi gasar duniya ta 'yan bibbiyu, namiji da mace, a garin Stavanger na ƙasar Nowe. Ƙasashe 48 suka shiga. Tijani Cole da matarsa Susana, mazauna Amurka, su suka wakilci Najeriya. Sun sha kashi a yawancin wasanninsu, amma sun doke Faransa da ci 8 da 5, wadda ita ce nasarar farko da wata ƙasar Afirka ta samu a gasar duniya ta wannan wasa. Wannan abin a yaba ne, kuma na yaba. Sai dai akwai abin da ya kamata mu sani. A wancan lokaci ƙofar gasar a buɗe take, duk ƙasar da ke mamba tana iya aiko da 'yan wasa ba tare da wasan share fage ba. Gasar 2019 ita ce ta ƙarshe da aka yi a haka. Daga bayanta aka rage ƙasashen zuwa 20, sai wanda ya cancanta. Wato mun shiga ne ana gab da rufe ƙofa.

A ƙarshen 2019 ƙungiyar maza ta je Shenzhen ta ƙasar Sin, gasar yankin Asiya da Fasifik, domin Afirka ba ta da yankinta na kanta, dole aka raɓa mu da su Japan da Koriya da Sin. Can ƙasan tebur muka ƙare. A 2022 aka haɗe wannan yanki da na nahiyar Amurka, aka yi gasar farko a Calgary ta Kanada, inda Najeriya da Kenya suka buga a rukuni na biyu, rukunin masu tasowa. Ba mu haura zuwa rukunin farko ba.

Sai kuma babban labari, wanda jaridu suka fi yayatawa. A watan Janairu na 2024 matasan Najeriya, maza da mata 'yan makaranta, suka je gasar Olamfik ta matasa ta hunturu a lardin Gangwon na Koriya ta Kudu, suka zama 'yan Afirka na farko da suka buga kaling a wannan gasa. Waɗannan ba a Amurka aka haife su aka raine su ba, a nan gida suka koyi wasan. To amma a kan me suka koya? A kan daɓe. Har zuwa lokacin tafiyarsu babu filin ƙanƙara na kaling a ƙasar nan, sai wani nau'in wasan da ake yi a kan sumulmulan daɓe ko shimfiɗa, da duwatsun roba masu 'yan tayoyi a ƙarƙashi. Suka je suka haɗu da yaran da tun suna firamare suke kan ƙanƙara. Sakamakon bai ba kowa mamaki ba: an ci su da tazara mai yawa, ba su fito daga rukuninsu ba.

Wannan shi ne tarihin a taƙaice, kuma a kansa na ga mutane sun kasu biyu. Akwai 'yan dariya, masu cewa ƙasar da ba ta iya riƙe wutar lantarki ta kwana ɗaya cur ba me ya kai ta wasan ƙanƙara, wannan ai neman suna ne da yawon buɗe ido. Akwai kuma 'yan kirari, waɗanda da an yi magana sai su ce "mu ne na farko a Afirka", shi ke nan an rufe baki. Ni a nawa ganin duka biyun sun kauce. Ba a auna hukumar wasa da yawan jiragen da ta hau, ba a kuma auna ta da kashin da ta sha a shekarunta na farko. Ana auna ta ne da abin da ta dasa a gida. Tambayar da nake yi wa hukumarmu guda ɗaya ce: yaushe yaron Najeriya zai saki dutse a kan ƙanƙara ta gaske ba tare da ya nemi biza ba?

Bari in fara da 'yan dariya. Cewa ƙasar zafi ba ta da hurumin shiga wasan sanyi magana ce da zamani ya wuce. Yau ba a kan tafki ake gasa ba, a cikin gini ake yi, da injin daskarar da ruwa. Ƙatar da Saudiyya ma mambobin hukumar duniya ne, kuma babu mai cewa sun fi mu sanyi. Sannan akwai masu cewa su Tijani Cole ai ba 'yan Najeriya na sosai ba ne tunda a waje suke zaune. Wannan magana kam bai kamata a ji ta daga bakinmu ba, mu da muke zaune nesa da garuruwan iyayenmu. Mun san yadda ake ji idan aka ce wa yaron da aka haifa a Agege shi baƙo ne a Legas, ya je Kano kuma a kira shi ɗan Kurmi. Mutumin da ya tashi ya je ya tsaya a ƙarƙashin tutar ƙasar kakanninsa, alhali ya san kashi zai sha, ya fi ƙarfin a yi masa gori.

'Yan kirari kuma ga tawa amsar. Zama na farko a Afirka a wasan da babu wanda ke yinsa a Afirka ba shi ne cin gasa ba. Wanda ya fara isa kasuwa da asuba ya riga kowa, amma ba a ce ya fi kowa ciniki ba sai an ga abin da ya koma da shi gida. Kirarin "na farko" sau ɗaya ake cinsa. An ci shi a 2018, an ci a 2019, an sake ci a 2024. Daga nan kuma sai me? Idan bayan shekara goma muna nan muna maimaita wannan kirari, muna tura sababbin yara su je su fara taka ƙanƙara ana saura kwanaki kaɗan gasa, to ba wasa muke ginawa ba, hotuna muke tarawa.

Akwai ƙasashe biyu da nake so mu duba, domin kowacce ta bi hanya daban kuma ta ga amfaninta. Ta farko ita ce Filifin, ƙasar zafi da damina kamar kudancin Najeriya. A watan Fabrairu na 2025, a gasar hunturu ta nahiyar Asiya da aka yi a Harbin ta ƙasar Sin, ƙungiyar mazanta ta doke Koriya ta Kudu da ci 5 da 3 a wasan ƙarshe ta ɗauki zinare, lambar farko da ƙasar ta taɓa samu a wannan gasa. Ta yaya? Yawancin 'yan wasan a Suwizalan suka tashi, iyayensu mata 'yan Filifin ne, kuma jagoransu Marc Pfister ya taɓa wakiltar Suwizalan ɗin a gasar duniya. Wato Filifin ta nemo 'ya'yanta da suka riga suka ƙware a waje. Hanya ce mai sauri, kuma halal ce a dokar wasa. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da waɗannan mutane suka ajiye tsintsiya, in babu na baya a gida, zinaren zai zama labari.

Ta biyu ita ce Koriya ta Kudu, kuma labarinta ya fi kama mini hankali. Akwai wani ƙaramin gari na manoma mai suna Uiseong, wanda ba a san shi da komai ba sai noman tafarnuwa. A 2006 aka gina filin kaling a garin. Wasu 'yan mata na makarantar sakandaren garin suka fara zuwa bayan an tashi daga makaranta, wata ta jawo ƙawarta, wata ta jawo ƙanwarta. Shekara 12 bayan haka, a Olamfik ta 2018, waɗannan 'yan mata ƙarƙashin jagorancin Kim Eun-jung suka ci wasa takwas cikin tara a zagayen farko, suka fitar da Japan a wasan kusa da ƙarshe, Suwidin ce kawai ta tare su a wasan ƙarshe da ci 8 da 3. Suka ɗauki azurfa, lambar Olamfik ta farko da ƙasarsu ta samu a wannan wasa, duniya ta laƙaba musu suna 'Yan Matan Tafarnuwa. Wani abin lura shi ne, a zauren garin Gangneung da suka ci wannan azurfa, a nan yaranmu suka buga a 2024. Zaure ɗaya ne, bambancin kawai su waɗancan sun shekara 12 suna da ƙanƙara a bayan gidansu.

Najeriya ta ɗan taɓa hanyoyin biyu, amma ba ta kama ko ɗaya da ƙarfi ba. Manyan 'yan wasanmu na farko daga waje suka zo, ƙananan kuma a gida aka koya musu ba tare da ƙanƙara ba. Kada a fahimce ni ba daidai ba, wasan daɓe yana da amfani. Yana koya wa yaro dokoki, da lissafin inda zai ajiye dutse, da aiki tare da 'yan'uwansa, kuma da kuɗi kaɗan za a iya kai shi makarantu da yawa. To amma akwai abu uku da ba zai taɓa koyarwa ba. Ba ya koyar da sulalewa a kan ƙafa ɗaya ba tare da an faɗi ba. Ba ya koyar da shara, domin babu abin sharewa a kan daɓe, alhali shara ita ce rabin wasan. Ba ya kuma koyar da karanta ƙanƙara, wato gane yau tana da santsi ko nauyi, ta wane gefe take jan dutse, abin da ke canzawa ko a cikin wasa ɗaya. Kamar a koya wa mutum iyo ne a kan tabarma, sannan a kai shi Bar Beach a ce bismilla.

Yanzu ga babbar hujjar masu adawa, kuma ba zan raina ta ba: wuta da kuɗi. Ƙanƙarar kaling ba irin wadda ake sayarwa a buhu don sanyaya lemo ba ce. Dole ta kasance a miƙe sumul, da ruwan da aka tace, a riƙe ta 'yan digiri ƙasa da sifili dare da rana. A gari mai laima kamar Legas kuma sai an ƙara da injin tsotse danshin iska, in ba haka ba raɓa za ta daskare a samanta ta ɓata tafiyar dutse. In wuta ta ɗauke na wasu sa'o'i babu janareta, aikin kwanaki ya narke. Ga duwatsu 16 na kowane layi da za a shigo da su da kuɗin waje. Duk wannan gaskiya ne. Amma 'yan'uwa, wanda ya san Ijora ya san akwai manyan ɗakunan sanyi da ke riƙe kifi a daskare shekara da shekaru a cikin wannan rashin wutar da muke kuka da shi. Me ya sa su ba sa narkewa? Domin akwai mai shi, akwai lissafi, akwai kuma abin da ke biyan kuɗin man dizal. Ashe matsalar ba ta zafin rana ba ce, ta tsari ce. Fili mai layi biyu, haɗe da wurin zamiya na yara da iyalai masu biyan kuɗin shiga a ƙarshen mako, ba abin da ya gagari Legas ko Abuja ba ne.

Sai dai a nan zan ja layi. Ban yarda a ɗauki kuɗin gwamnati a gina wannan fili ba. Ƙasar da ta je Olamfik ta Paris a 2024 da 'yan wasa sama da 80 ta dawo ba ko tagulla, wadda a Tokyo ma lambobi biyu kacal ta samu, azurfar Blessing Oborududu a kokawa da tagullar Ese Brume a dogon tsalle, ba ta da rarar da za ta zuba a ƙanƙara. Ɗan abin da ke akwai a kai shi inda muke da dubban yara masu hazaƙa a ƙasa: guje-guje, kokawa, dambe, ƙwallo. Kaling ya nemi kuɗinsa a wurin kamfanoni, da 'yan Najeriya mazauna waje, da tallafin raya wasa na hukumar duniya. Masu tambaya me ya sa ba za a ɗaukaka dambe da langa ba a maimakon wasan Turawa, ina tare da su a rabin maganar. Amma su lura, shi ma kaling wasan ƙauye ne kamar langa. Rubutacciyar doka da hukuma mai riƙon amana suka kai shi Olamfik.

Riƙon amanar nan kuwa shi ne ƙashin bayan komai, kuma a nan ma Koriya ta ba mu darasi. Watanni kaɗan bayan cin azurfarsu, a Nuwamba 2018, 'Yan Matan Tafarnuwa suka fito fili suka kai ƙarar masu horar da su, suka ce ana zaginsu, ana kuma riƙe musu kuɗaɗen kyaututtuka. Gwamnatin ƙasar ta yi bincike, a farkon 2019 ta tabbatar da mafi yawan koke-koken. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da fili da kuɗi da lambar Olamfik, to ƙaramar hukuma irin tamu, wadda 'yan jarida ba sa leƙawa sai ranar tafiya gasa, ta fi buƙatar ta buɗe littafinta da kanta. Ba na zargin kowa da komai. Abin da nake cewa shi ne, a ƙasar da mutane suka saba zargin duk wata tafiya waje da cewa neman biza ce, maganin tsegumi shi ne bayani.

Saboda haka ga abin da nake roƙon hukumar, a matsayina na ɗan ƙasa. Na ɗaya, ta riƙa wallafa sakamakon kowace gasa yadda yake, ci da kashi, da wanda ya biya kuɗin tafiya, da yadda aka zaɓi waɗanda suka je. Na biyu, ta sa samun ƙanƙara a gida a gaban komai, ko da hakan na nufin a haƙura da wasu tafiye-tafiyen na shekara biyu ko uku. Na uku, kafin a samu filin, kada a sake kai yara gasa sai an ba su makonni suna atisaye a kan ƙanƙara a wata ƙasa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, 'yan wasanmu na waje su zama malamai, kowane zuwa gida su bar wani abu a hannun masu horarwa na nan. Na biyar, a riƙe yaran da suka je Gangwon. Su ne 'yan ƙalilan da suka tashi a ƙasar nan kuma suka san yadda ƙanƙarar gasa take a ƙarƙashin ƙafa. In aka bari suka watse, an yi asarar abu mafi tsada da tafiyar ta haifar.

Mu kuma iyaye, musamman mu da 'ya'yanmu ke makarantun Legas da sauran biranen kudu inda irin waɗannan sababbin wasanni ke fara shiga, in yaro ko yarinya ta zo ta ce an kawo wasan tura dutse makarantarsu tana so ta shiga, kada mu yi mata dariya. Wasa ne da ba a dukan kowa, ba ya buƙatar tsawo ko ƙiba, kuma a al'adarsa ɗan wasa da kansa yake faɗa in tsintsiyarsa ta taɓa dutse, ko alƙali bai gani ba. Wannan tarbiyya ce da kowane uba zai so. Amma in aka zo maganar tafiya waje, mu yi tambaya: wa zai raka su, wa zai biya, kwana nawa za su yi a kan ƙanƙara kafin a fara, karatunsu fa? Tambaya ba rashin kishin ƙasa ba ce.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, amma fa sai in an kama hanya. Nasara a kan Faransa a 2019 da zuwan yaranmu Gangwon a 2024 sun nuna akwai masu zuciya. Abin da ya rage shi ne wurin da za su tsaya su koya. Ranar da aka buɗe ko da layi ɗaya ne na ƙanƙara a ƙasar nan, ranar zan fara ƙirga shekaru 12 ɗinmu. Wanda ke da wani ra'ayi daban, ko yake ganin na tsaurara, ƙofa a buɗe take, ya rubuto mu ji. Allah Ya ba mu sa'a a wuraren nemanmu, Ya tsare mana zuri'a. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.